Mukulli na Uku

Garanti ake ce masa a layin, don bai taɓa ba kowa garanti ba. In ya gama gyaran firji, mai shi ya tambaye shi ko zai daɗe, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Je ka jona, ka sa ruwa, gobe ka zo ka gaya mini." Ba ya rantsuwa, ba ya cika baki, ba ya kuma son a cika masa. Tun yana saurayi ya koyi aikin a wajen wani tsoho mai saurin mari, wanda ya koya masa jin ciwon inji da kunne kafin a kwance ko noti ɗaya. Yanzu furfura ta ci rabin kansa, bayansa ya sankare saboda durƙuso, gas kuma ya ƙone masa yatsun dama tun da daɗewa, har ba sa bambance zafi da sanyi sosai.

Shagonsa ƙarami ne, tsakanin na wani tela da ɗakin ajiyar kaya. Matattun firji a jere a bakin ƙofa, an cire musu murafu don kada yara su shige ciki. Tukwanen gas a kusurwa, benci mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, warin mai da tsatsa. Ba wani abin kallo ba ne, amma duk wanda firjinsa ya daina sanyi a unguwar ya san inda zai turo shi. Mai gyara ba shi da wata talla sai wurin zamansa. Ranar da ya tashi, yawancin masu kawo masa aiki ba za su bi sawunsa ba, za su tsaya ne wajen wanda suka tarar. Garanti ya san haka sarai. Da shagon nan ya yi aure, da shi yake ciyar da gida, da shi 'yan biyunsa suke zuwa makaranta.

Layin shagunan duka na Hajiya mai kifi ne, wadda ke sayar da daskararren kifi kwali-kwali. Ba azzaluma ba ce. Shekarar da Garanti ya kwanta jinya wata da watanni, ko sau ɗaya ba ta aiko a tambaye shi haya ba. Amma ba ta mantuwa. Wani mai wanki da ya taɓa musa mata magana a gaban mutane, wata bai ƙare ba aka ga yana ɗaure kayansa.

Abin ya faro ne lokacin da Hajiya ta so ƙara ɗakin sanyi. Ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja saboda shi ke juya harkar kifin yanzu, ya shiga neman babban inji, aka ce masa Kwantena na da shi. Kwantena ƙanin matar Garanti ne, mai zaƙin baki, yana shigo da tsofaffin injuna daga waje. Duk lokacin da ka tambaye shi kaya sai ya ce kwantena na kan ruwa, har sunan ya bi shi. Shi da Manaja ba wanda ya yarda da wani. Manaja ya ce ba zai biya ba sai inji ya yi wata guda yana aiki. Kwantena ya ce ba zai sauke inji ba sai ya ga kuɗi, kuma kirifto yake so, kuɗin nan na intanet, don da shi yake biyan mutanensa na waje.

Wata safiya suka shigo shagon tare, kowa da waya a hannu, suna dariya kamar abokan arziki.

"Yaya, aiki muka kawo maka mai tsabta," in ji Kwantena. "Ko hannu ba za ka wanke ba."

"Aikin da ba datti ban iya shi ba."

Manaja ya ɗare kan wata matacciyar firiza ya yi bayani. Za a zuba kuɗin a wani akwati a intanet, mai mukulli uku: ɗaya nasa, ɗaya na Kwantena, ɗaya na mai raba gardama. Mukulli biyu ne ke buɗe shi. In inji ya cika watansa lafiya, su biyun za su buɗe, kuɗi ya tafi wajen Kwantena, ba ruwan kowa. In ya mutu da ciwon kansa, kuɗi ya dawo wa Hajiya. In kuma daga wajensu ne, wuta ko rashin kula, Kwantena ya ci kuɗinsa. Sai in sun kasa daidaitawa ne za a nemi na uku.

"To ku je wajen lauya mana," in ji Garanti.

"Lauya ya san kwamfiresa? Kotu kuma sai mun tsufa muna jira. Hajiya ce ma ta ce kai. Ta ce in dai kai ne, ta yarda."

"Ni kuwa yayana ne, ina zan ƙi shi?" in ji Kwantena yana kashe ido. "Ko da yake tun da ya ɗauke mana 'yar'uwa bai taɓa saya mini ko lemo ba."

"Kai da ka cinye mini tukunya tun kana ɗan makaranta? Har yau ban farfaɗo ba."

Aka yi dariya. Garanti ya ɗauka irin tsayawar nan ce da aka saba: a yi ciniki a gabanka, in rigima ta taso a zauna, wannan ya rage, wancan ya ƙara, a ba kowa haƙuri a tashi. Ya sha yin haka a layin, tsakanin mai haya da mai gida, tsakanin tela da mai ɗinki. Saboda haka ya miƙa wayarsa. Manaja ya yi 'yan danne-danne ya ce ya sa babban yatsa. Na dama ya ƙi karɓuwa, gas ya cinye zanensa, sai da aka sa na hagu.

"Abu biyu kawai, Baba," in ji Manaja. "Duk abin da aka danna ya dannu. A bulokcen ake rubuta shi, wani kundi ne na intanet, shi kuma ba a gogewa, ba wani ofishi da za ka je ka ce kuskure ka yi. Na biyu, kada wayar nan ta ɓace."

Garanti ya ji maganar kamar yadda yake jin duk maganar samari, ta shiga ta nan ta fita ta can. Abu ɗaya ya tsaya a kai: tunda an ce shi zai raba su, ba zai sa hannu a injin ba. Su nemo wani ya ɗaura. Manaja ya ɗan ɓata rai, ya kawo wani daga can ƙarshen gari mai sauƙin kuɗi. Aka ɗaura, aka kunna, ɗaki ya ɗauki sanyi, aka cika shi da kifi har rufi.

Watan bai ƙare ba injin ya tsaya.

Hancin Garanti ne ya fara gaya masa. Ya zo da safe zai buɗe shago, ya ji wani wari ya rufe layin, mai nauyi, irin wanda ke manne wa riga. Ya leƙa baya ya ga ma'aikata sun ɗaure hanci da tsumma suna fito da kwalaye suna ɗiga, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Hajiya na tsaye a gefe, hannu a ƙugu. Garanti ya juya. Ya buɗe shago ya zauna a kan benci, har rana ta take bai taɓa ko sifana ba.

Kafin la'asar an yi musayar baƙaƙen maganganu a tsakiyar titi. Manaja ya ce ruɓaɓɓen inji aka fenta aka sayar musu. Kwantena ya ce wutarsu ce ba ta da kai, kowa ya san yadda take yi. Har aka riƙe wuyan riga, tela ya shiga tsakani da almakashi a hannu bai sani ba. Washegari wayar Garanti ta yi ƙara. Ya buɗe ya ga an nemi mai raba gardama. A ƙasa akwai wuri biyu na dannawa: ɗaya da sunan mai saye, ɗaya da sunan mai sayarwa.

Ya juya wayar, ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya kira Manaja.

"Ina wajen rabawa?"

"Wace rabawa?"

"A ba wannan rabi, a ba wancan rabi, kowa ya yi haƙuri."

Manaja ya yi wata dariya mara daɗi. "Babu. Akwai irin wanda ake rabawa, amma haɗa shi da wahala, muka ɗauki wannan. Mutum ɗaya zai kwashe duka."

"Ba ku gaya mini haka ba."

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Manaja bai fita nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon shagon, daga bango zuwa bango, kamar mai awo da ido. "Wurin nan fa yana da faɗi," in ji shi. "Hajiya ta daɗe tana cewa ɗakin ajiyarmu ya yi mana kaɗan. Ni ne ma nake ce mata a'a, Garanti namu ne." Ya buga murfin firiza da tafin hannu sau biyu, ya fita.

Kwantena kuwa a hanya ya tare shi, ya saki murya kamar zai yi kuka. "Yaya, ka danna mini kawai. Wallahi ni da kaina zan mayar musu da wani abu, a zauna lafiya." Garanti ya dube shi. Ya san alkawuran yaron nan tun daga na keken 'yan biyu da har yau yake kan ruwa. Ya ce masa ya matsa zai wuce.

A gida matarsa ba ta tayar da maganar ba sai da ta ga ya tura kwanon abinci gefe kwana da kwanaki. Da safe, yara sun tafi makaranta, tana wanke kofuna ta ba shi baya, ta ce, "Duk abin da yaron nan ya mallaka yana cikin injin nan. Har da na Inna."

"Na sani."

"Ban ce ka yi masa alfarma ba, Baban Biyu. In shi ya cuce su, ka danne shi, ni zan fara cewa Allah ya ƙara. Abin da nake roƙo, kada ka sayar da shi don shago."

"In shagon ya tafi, me za mu ci?"

Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. "Ban sani ba," in ji ta.

Daga nan wayar ta zame masa kaya. Wayar da da yake jefarwa a kan benci cikin noti da waya, yanzu a aljihun ciki take, ya soke bakin aljihun da fil. Ya daina caji a shago. In ya shiga motar haya hannunsa na kan ƙirji har ya sauka. In wani ya tsaya a bayansa a bakin titi sai ya matsa gefe. Ya fahimci cewa in wayar ta ɓace, waɗannan biyun ba za su taɓa haɗa mukullansu ba, kuɗin zai zauna a akwatin har abada, kowa na ganinsa ba mai taɓawa. Kuma duk za a ce shi ne. Ya rame. Ya fara kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba, har ya cika wa wata mata firji da gas bai toshe inda ke yoyo ba.

Tela ne ya kawo masa shawara, yana cizon zare. "Kai ma da neman wahala. Ka ce ta faɗa bokiti mana. Waya ce, wa ya hana ta faɗawa ruwa? Ba ka ɓata wa Hajiya ba, ba ka ɓata wa gida ba."

"Sai kuɗin ya mutu."

"Kuɗinka ne?"

Garanti ya koma kan aikinsa. Amma da rana ta yi ya je wanke hannu, ya tsaya a kan bokitin ya daɗe yana kallon ruwan. Abu ne mai sauƙi. Fil ɗin kawai zai cire ya sunkuya. Ya dafe aljihun da hannu ɗaya, ya wanke ɗayan, ya koma ciki.

Matsalar ita ce shi kansa bai san gaskiyar ba. Ya je ya auna injin da mita, mita ta ce ya mutu, ba ta ce me ya kashe shi ba. Ya tambayi ma'aikata, kowa ya faɗi abin da zai kare aikinsa. Wanda ya ɗaura injin ya kashe wayarsa. Kwamfiresar kuwa, wadda ita ce zuciyar injin, a rufe take ruf, tukunyar ƙarfe ce da aka like da walda tun daga masana'anta. Hanya ɗaya ce ta ganin cikinta, a yanka. In aka yanka kuma ta tashi daga aiki har abada, ba mai gyara ta, ba mai sayenta sai 'yan gwangwan.

Ya tara su a filin bayan ɗakin sanyin da rana tsaka. Aka kawo wa Hajiya kujerar roba aka ajiye a inuwa. Manaja ya jingina da mota. Kwantena ya tsuguna a gefe yana karya tsinke. Warin kifin bai gama barin wurin ba.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya shari'a ba," in ji Garanti. "Maganar kowa na ji, ba wadda ta kai ni ko'ina. Zan yanka kwamfiresar a gabanku. Amma kafin in yanka zan faɗi abin da zan duba, don kada a ce bayan na gani na ƙirƙira. In ƙarafan ciki sun cinye, ko wani abu ya karye ya riƙe ta, to da ciwonta ta zo, kuɗi naki ne. In ƙarafa lafiya lau, naɗin wayar wuta ne ya ƙone ta wani ɓangare ya bar wani, to layin wuta ɗaya ne ya ɗauke aka bar ta tana ja da sauran. Wannan daga nan ne. Kun yarda?"

"In ka tarar da duka biyun fa?" in ji Manaja.

"To na shiga uku."

Ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta ce, "Yanka."

Ya jona giranda, injin yankan ƙarfe. Ya dafe tukunyar da gwiwa. Yana bin layin waldar, tartsatsi na tashi, yana wata addu'a a ransa da ba zai so kowa ya ji ba: Allah ya sa ƙarafan sun cinye. Allah ya sa yaron nan ya yi halin nasa. In haka ne ya huta, gaskiya da shago sun zo wuri ɗaya, matarsa ma ta riga ta ce za ta ce Allah ya ƙara. Bai taɓa fatan wani inji ya lalace ba sai ran nan.

Murfin ya rabu. Ya sa sifana ya ɗaga. Ƙauri ya bugi fuskarsa.

Ya fara da ƙarafan, don su yake so. Ya sa hannu ya juya sandar tsakiya, ta juya sumul, ba kama, ba ƙara. Ya kwance kan, ya shafa ciki da yatsan hagu, santsi kamar cikin kofi. Ya tsiyaye man a gwangwani ya tace da tsumma ko zai ga garin ƙarfe. Bai ga komai ba. Ya sake tacewa. Ya daɗe a kan wannan fiye da yadda aikin ke buƙata, kowa ma ya lura.

Sannan ya juya ga naɗin wayar. Ba ya buƙatar tabarau. Kashi biyu sun ƙone ƙurmus, baƙi ƙirin, suna farfashewa in an taɓa. Kashi na uku yana nan ja wur, yana ƙyalli kamar jiya aka naɗa.

Ya tsaya a durƙushe, kansa a ƙasa.

"Me ka gani?" in ji Hajiya.

"Wuta ce, ranki ya daɗe."

"Dama mana!" Manaja ya taso. "Ƙanin matarka ne, me za ka ce? Tun farko na san haka za a yi. Gida ɗaya kuke kwana da 'yar'uwarsa!"

"Ga ta nan a buɗe," in ji Garanti. "Ku ɗauka ku kai wa duk wanda kuka yarda da shi, ko a wane gari yake. Ba zan danna ba sai kun dawo."

Hajiya ta tashi da ƙyar, ta zo ta tsaya a kan tukunyar. Ta dubi baƙin, ta dubi jan. Ta juya ta kalli ɗanta, kallo mai tsawo, har ya sunkuyar da kai ya shiga wasa da mukullin mota. Abin da ta sani game da wutar gidan kifinta ita ta sani, ba ta faɗa ba.

"Ba sai an kai ko'ina ba," in ji ta. "Ka tabbata, Garanti?"

Tambaya ce da ƙofa a cikinta. In ya ce bai tabbata ba, za a sake zama, a ja lokaci, wataƙila a gaji. Ya ga ƙofar sarai.

"Abin da na gani ke nan."

"To danna."

Ya cire fil ɗin, ya zaro wayar. Kwantena ya riga ya sa nasa mukullin tun tuni, na Garanti kawai ake jira. Ya sa yatsa, wayar ta ƙi, mai ya ɓata shi. Ya goge a wando ya sake, ta ƙi. Ya goge a cikin riga. Ta buɗe. Sunaye biyun suka fito, ɗaya a kan ɗaya, kusa da juna har abin tsoro, ga yatsunsa masu kauri. Ya ajiye wayar a kan murfin ƙarfen don kada ta motsa, ya karanta sunan sau uku, ya danna. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake dannawa.

Ba a ji komai ba. Jim kaɗan wayar Kwantena ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya yi ƙoƙarin haɗiye murmushi bai iya ba. Hajiya ta gyara mayafi ta nufi mota, ba ta yi wa kowa sallama ba.

"Yaya, kada ka damu," in ji Kwantena, ya biyo shi yana riƙe masa giranda. "In sun kore ka, ni zan kama maka shago, babba, a bakin titi. Kaya na nan tafe, wallahi suna kan ruwa."

Garanti ya karɓi girandarsa.

Jiran ya fi yankan wuya. Ba wanda ya ce masa komai. Kullum ya buɗe shago, ya share, ya zauna. In motar Manaja ta tsaya a layin sai ya saurari takun takalmi har ya wuce. Ma'aikatan kifin da suka saba zuwa shan inuwa a bakin ƙofarsa suka ɗauke ƙafa. A layin magana ta kasu biyu: wasu na cewa mutumin ya yi gaskiya, wasu na cewa ai dama wa zai kashe ƙanin matarsa. Tela ya rage hira, in ya gaishe shi ma sai ya waiga tukuna. Kwantena ya aiko wa yayarsa turmin atamfa, shi kansa bai leƙo ba.

Hajiya da kanta ta zo, ba aike ta yi ba. Da hantsi ne, yana tsugune a bayan wani firji. Ya ga inuwa ta rufe ƙofa, ya ɗago, ya miƙe da sauri har ya buge kai. Ya goge benci da hannun riga. Ba ta zauna ba.

"Na sa an duba," in ji ta. "Ba don ban yarda da kai ba. Abin da ka faɗa shi suka faɗa."

"Allah ya ƙara girma, ranki ya daɗe."

"Gaskiya ka yi. Ko a gaban wa zan faɗi haka." Ta dubi tukwanen gas, ta dubi benci. "Amma ba zan iya wucewa ta nan kullum ina ganinka ba. Na gwada. In na gan ka sai in ji warin kifin nan. Ka nemi wuri. Ba na korar ka da rana tsaka, ka ɗauki lokacin da kake buƙata."

Ya buɗe baki. Ya tuna jinyarsa, ya tuna shekarun, ya nemi kalmar da za ta juya ta, bai samu ba, don shi bai taɓa iya irin wannan maganar ba.

"To, Hajiya. Na gode."

Ya nemi shago, ya tarar duk inda mutane ke wucewa ya fi ƙarfinsa, inda bai fi ƙarfinsa ba kuma ba mai wucewa. A ƙarshe ya ɗauki hayar kurar ɗaukar kaya ya kwashe kayan zuwa gida. Matattun firjin ya bar wa 'yan gwangwan. Matarsa ta fitar da kujerun ɗakin gaba ta jera su a tsakar gida ta rufa musu leda, 'yan biyu suka taya shi shigar da tukwanen gas suna gardamar wanda ya fi ƙarfi. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, in ya shigo da firji ɗaya sai ya bi ta gefe. Lungun kuma mota ba ta shiga.

Yana buɗe ƙofar ɗakin tun da sassafe, ya ja kujera ya zauna yana fuskantar lungun. A makon farko fanka ɗaya aka kawo masa, ta maƙwabciya, ita ma ba ta lalace ba, ƙura ce ta cushe ta. Ya wanke ta, ya sa mata mai, ya mayar. In ya ji ƙarar kura daga bakin titi sai ya miƙe ya leƙa, ya tsaya har ta wuce. Matarsa na ganinsa ta taga. Da rana ta kawo masa abinci ta ajiye a kan tukunyar gas, ta zauna a bakin ƙofa, su biyu suna kallon hanya.